Hannun Babayo

Kafin su manna masa lamba tara a baya,
kafin hular nan mai keji a fuska,
mu muka san hannun.
A fadamar Dadin Kowa muka san shi,
ƙasan dam, lokacin da shinkafa ke nuna,
jan-baki na sauka kamar hayaƙi.
Mu sai ihu da kaɗa gwangwani,
shi kuwa ya ɗauki hoge, ya yi shiru.
Ba ya jifan inda tsuntsu yake.
Inda tsuntsu zai je, can yake jifa.

Yana sha uku Kawu Jalo ya tafi da shi Amurka,
jaka ɗaya da ƙunshin kilishi.
Inna Dudu ba ta yi kuka a tasha ba
sai da ta dawo ta tarar da silifansa a bakin ƙofa.

Labari ya zo wai yana ƙwallo.
Muka ce madalla, da wace ƙafa?
Aka ce ba ƙafa, hannu,
ƙwallon ma kamar gwanda aka ɗinke.
Muka yi dariya har da riƙe ciki.

Shekara huɗu yana ɗumama benci,
yana kallon wani na cin tuwon da ya iya tuƙawa.
Dutsen da ake cewa mai haƙuri na dafawa,
shi ya zauna yana iza masa wuta.

Ran da gwiwar na gabansa ta goce,
ni ke da gidan kallo a bakin kasuwa.
Ƙarfe biyun dare na tada janareta
da man bashi, lita uku.
Ba wanda ya san dokar wasan a cikinmu.
Abin da muka gani:
an miƙo masa ta tsakanin ƙafafu,
ya ja baya taku biyar,
ƙatti kamar bijiman huɗa sun ɓalle sun nufo shi,
daƙiƙa uku gare shi, babu ƙari.
Cikin ukun nan na gane shirun fadama.
Ya jefa inda babu kowa.
Sai ga mutum ya iso.

Sambo mai shayi ya kifar da butarsa.

Kaka takwas ya yi.
An ɗaga shi sama, an kuma tattake shi.
Jifa ɗaya ya faɗa hannun abokin hamayya,
jaridu suka yi wata guda suna cin namansa,
aka sayar da shi wani gari mai ƙanƙara
yadda ake sallama sa a kara.
Sau uku likita ya farke kafaɗar.
Kan kuwa, ba wanda ya ƙirga.

Bara ya dawo.
Ya gina wa Inna, ya haƙa wa unguwa burtsatse.
A sahu nakan sace kallonsa:
in an yi kabbara, hagu ta kai kunne,
dama ta tsaya a ƙirji.
Wani sa'in yakan katse magana
yana laluben sunana
kamar mai neman canji a aljihu.

Na ce, Babayo, ka yi da-na-sani?
Ya daɗe yana kallon ruwan kwata.
Ya ce, akwai abin da akwatinka bai nuna maka ba.
Ƙwallo ta bar yatsa, ba ta sauka ba tukuna.
Ba ka ci ba, ba a ci ka ba.
Nan ne gidana.

Jiya muka gangara fadama.
Hajjo, 'yar Sambo, na gadin shinkafa,
tana jifa, tana kuskure, tana tsaki.
Ya durƙusa da ƙyar,
ya gyara mata gwiwar hannu da hagunsa.
Ya ce, daina kallon tsuntsun.
Kalli gabansa.